Ni Ne Na Gobe

Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, karatu kuma yana tafiya yadda ake so. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Mama ta yi sauƙi, har ta koma yi wa maƙwabta faɗa ta kan katanga, kin san alamar lafiyarta ke nan. Antinki da 'yan biyu suna nan ƙalau. Ba su san ina rubuta miki ba, shi ya sa ba ki ga gaisuwarsu ba.

Na san za ki yi mamakin takarda daga wurina a zamanin waya. Direban motar kamfaninmu yana bi ta garinku duk mako, shi na ba wa. Wayata tana cikin durowa a kashe. Na gaya wa mutane ta lalace, amma lafiyarta lau. Kin tuna Dogo, abokin aikina, wanda yake kiran ki ƙaramar likita. Ranar da ya rasu ni na riƙe masa tsani. Yana kan falwaya yana ba ni labarin mai gidan hayarsu, ina ƙasa ina dariya, sai wutar da aka ce an kashe ta dawo. Bai ƙarasa labarin ba. Da muka sauko da shi muka kwantar, wayarsa ta yi ta ƙara a aljihun rigarsa, babu wanda ya iya sa hannu ya ɗauka. Tun daga ranar, in waya ta yi ƙara kusa da ni sai in ji kamar an zuba mini ruwan sanyi a ƙeya.

Ban ƙara hawa ba, Auta. Da na ɗora ƙafa a kan tsani sai gwiwoyina su saki. An mayar da ni sito, ina miƙa wayar wuta da safar hannu ga yaran da ni na koya musu ɗaura bel. A gida na ce canjin aiki aka yi mini.

Nas ɗin kamfani, wata dattijuwa mai ido irin na Mama, ta auna jinina ta ce ƙalau yake. Sannan ta dube ni ta ce, "Ciwonka ba a hannu ake auna shi ba." Ta samo mini ganin wata likitar damuwa a wani asibiti, ranar Alhamis ta ƙarshen wata. Ta ce ba allura, ba ƙwaya, magana kawai za a yi.

To abin da ya sa na rubuto ke nan. Ke kike karatun haɗa magunguna, kin fi ni sanin mutanen asibiti. Me ake faɗa a irin wannan ɗaki? Ni ban taɓa zuwa wurin aiki ba tare da jakar kayan aikina ba, yanzu kuma ban san me zan riƙa ba. Daga yarinta ake farawa? In na yi shiru fa? Za ta rubuta wa kamfani cewa kaina ya taɓu?

Wannan magana tsakanina da ke ce. Ko Mama, ko Antinki.

Yayanki

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. Na samu takardarka, na ji daɗin jin lafiyar Mama da yara. Ni ma lafiya lau, sai dai jarrabawa da ta sako mu gaba. Allah Ya jiƙan Dogo, Ya kyautata makwancinsa. Na karanta takardar a bakin ƙofar ɗakin kwananmu, ban san na zauna a ƙasa ba sai da wata ta tsallake ni.

Ka yi daidai, Yaya. Wallahi ban taɓa jin girmanka kamar yau ba.

Amma ka ɗora mini abin da ba a koya mana ba. Mu ƙwayoyi muka sani, da abin da suke yi wa hanta. Don haka na tafi ofishin mai ba ɗalibai shawara a nan makaranta, na ce ina tambaya ne saboda wani ɗan'uwana. Matar ta gyaɗa kai a hankali ta ce, "Ɗan'uwanki, ko?" Ta turo mini kwalin tishu, ta haɗa mini shayi. Na rantse mata da gaske ɗan'uwana ne, ta ce, "Na yarda. To shi ɗan'uwan naki yana samun barci?" Yanzu duk inda ta gan ni sai ta tambayi ɗan'uwana da irin muryar nan. Ka ga abin da ka jawo mini.

Ga abin da na samo. Ɗakin kujeru biyu ne, babu gadon da za a ce ka kwanta. Zaman kamar awa ɗaya ne. Ranar farko yawanci ita ce za ta yi tambaya: me ya kawo ka, yaya barcinka, yaya cin abinci, me kake so ya canza. Ba sai ka fara daga yarinta ba, don haka labarin ranar da ka faɗa rijiyar makaranta yana iya jira. In ka yi shiru ba za ta kore ka ba, sun saba da shiru. In ta tambayi abin da ba ka shirya faɗa ba, ka ce ba yau ba. Kai ma kana da ikon tambayar ta. Batun kamfani kuwa, shi ya kamata ka fara tambaya: me take rubutawa, wa zai gani. Matar ta ce ƙa'idar aikinsu ita ce riƙe sirri, kuma likitar za ta bayyana maka iyakarsa tun kafin ku fara. In kuma ka ga jininku bai haɗu ba, kana iya neman wani.

Abin riƙewa kuma, ka riƙi jimla ɗaya kawai, wadda za ka fara da ita. Sauran za su biyo ta.

Sai batun ɓoye wa Anti. Ka daina wahalar da kanka, Yaya. Anti ta sani.

Direba yana ta danna mini hon, bari in tsaya nan. Ka rubuto ka gaya mini jimlar da ka zaɓa.

Autarku

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Da fatan kowa lafiya, ciwon ƙafar Mama kuma bai tashi ba. Mun gama jarrabawa, na fito da raina.

Direba ya zo ya koma, ya sake zuwa, hannu banza. Ya ce ya same ka a sito, ya tambaye ka ko akwai saƙo, ka ce babu, ko kallon sa ba ka yi ba. Na kira Anti mun gaisa, ta ce kowa lafiya, ban iya tambayar ta komai ba saboda alkawarin da ka ɗora mini. Na sake tuna duk abin da na rubuta maka ina neman inda na yi kuskure. In wasan rijiya ne ya ɓata maka rai, ka yi haƙuri, bakina ne ka san shi.

Ranar tana matsowa. Ko layi ɗaya ne ka aiko.

Auta

*

Auta,

Kowa lafiya.

Amana na ba ki. Na ce ko Mama, ko Antinki. Ko mako ba a yi ba kin kai mata, har kina rubuto mini "Anti ta sani" kamar kin yi abin kirki. Tun ranar da na karanta nake kallon ta tana zuba mini abinci, tana yi mini magana a hankali kamar marar lafiya, ta ƙi cewa komai. Na zama abin tausayi a gidana.

Na je wurin nas na ce ta soke. Kada ki ƙara tayar da maganar.

Yayanki

*

Autar Mama,

Assalamu alaikum. Ya karatu, ya kewar gida? Mu nan alhamdu lillahi. 'Yan biyu sun ce in gaya miki haƙorinsu na gaba ya fita, duk su biyun, a mako ɗaya. Na zaɓi in rubuto miki ne don in na kira ki yara suna kusa, kuma dariya ba za ta bar ni in kai ƙarshe ba.

Ranar Asabar da yamma na dawo daga makaranta da littattafan yara da zan duba, na tarar da Yayanki zaune a falo fuska a ɗaure. Ko sannu da zuwa bai yi mini ba. Ya ce, "Maman 'yan biyu, har yaushe za ki ci gaba da yi kamar ba ki sani ba? Auta ta gaya miki, na sani."

Na ce, "Ta gaya mini me?"

Ya ce, "Kada ki raina mini hankali. Batun tsani. Batun sito. Batun likitar da zan gani."

Na ajiye littattafan na zauna. Na ce, "Wace likita?"

Auta, da kin ga fuskarsa. Bakin ya buɗe ya kasa rufuwa. Na ce masa ke ba ki gaya mini komai ba sai gaisuwa da tambayar yara. Ya ɗauko takardarki ya nuna mini layin da yatsa. Na karanta na ce, "Ai gaskiya ta faɗa. Na sani. Mutumin da da can ko ƙwan fitilar maƙwabta ne ya mutu sai ya haura ya canza, yau wata nawa ni nake hawa tebur ina canza namu, yana wucewa kamar bai gani ba? Rigar aikinka tana dawowa babu datti. Kana tsammanin makauniya ka aura? Likitar ce kawai ban sani ba, ita ma ga shi ka gaya mini da bakinka."

Ya ajiye takardar. Can ya ce, "To me ya sa ba ki yi magana ba?" Na ce, "Jira nake ka gama zama jarumi." Ya yi dariya, dariyar ta juye ta zama wani abu daban. Na tashi na rufe ƙofar falo. Sauran ba na takarda ba ne.

Da safe da kansa ya buɗe durowa ya ɗauko wayar. Da ya kunna, saƙonnin da suka taru suka yi ta shigowa, tana ƙara tana rawa a hannunsa. Gumi ya jiƙa masa wuya, amma bai ajiye ba. Ya kira nas ya ce yana so a mayar masa da ranarsa. Ina jin muryarta daga inda nake, ta ce, "Wa ya ce maka na soke?"

Tun daga nan gidan nan ya koma wurin atisaye. Ya jawo kujeru biyu ya sa su suna fuskantar juna, ya ce in zama likita. Na sa gilashina na karatu na ce, "Malam, me ke tafe da kai?" Ya ce ban iya ba, likita ba ta harara. Muka sake. Ya gwada farawa da "Ni ma'aikacin wutar lantarki ne", ya ce wannan kamar neman aiki. Ya gwada "Lafiyata ƙalau, nas ce ta matsa", na ce to mu tashi tunda ƙalau kake. A ƙarshe ya tsaya a kan "Abokina ya mutu ina riƙe da tsaninsa." Da ya faɗe ta sau ɗaya bai iya ƙarawa ba. Ya so mu ci gaba har ya haddace duka, na ce a'a, ba karatun jarrabawa ba ne, ya bar wa likitar abin da za ta yi.

Jiya kuma ya goge manyan kayansa na zuwa ɗaurin aure ya rataye. Na ce ya sa abin da zai iya zama a ciki ya yi numfashi. Har yanzu muna kan wannan muhawarar.

Takardarki ta bayanin cewa ba ke kika gaya mini ba ta iso bayan an gama komai. Ya karanta ya ninke ya sa a aljihu, ya ce wai rubutunki ne ba ya fita. Kada ki damu, kunya ce take cin sa. Zai rubuto.

Antinki

*

Auta,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ina fatan kina lafiya kin huta daga jarrabawa. Mama lafiya lau, yara lafiya, Antinki kuma tana nan tana jin kanta likita.

Na yi miki laifi. Ki yafe mini. Amma ke ma nan gaba in za ki rubuta magana mai nauyi, ki bar direba ya yi ta hon ɗinsa ki ƙarasa ta.

Bari in ba ki labari tun daga Laraba. Kin san ba na hawa falwaya sai na zagaya ta na ga gindinta. Don haka bayan an tashi daga aiki na hau bas na je in ga ginin, in san ƙofar, in san hanyar. Da rigar aiki na je, da jakata a kafaɗa. Gini ne mai hawa huɗu, kantin magani a ƙasa. Na tsaya a tsallake ina kallo, na wuce, na dawo, na sake wucewa. Mai gadi ya taso ya ce, "Malam, wani kake nema?" Kunya ta kama ni, na ce, "A'a, wutar ginin nake dubawa."

Sai ya washe baki ya ce, "Allah Ya kawo ka. Fitilar ɗakin jira a sama ta mutu tun makon jiya, na yi ta faɗa ba a turo kowa ba." Kafin in haɗa wata ƙaryar ya riga ya kama hannuna. Muka hau matakala har hawa na uku, ina bin jikin bango, ban kalli taga ba. Ɗakin jiran ƙarami ne, benci ɗaya, tukunyar fure a kusurwa, da ƙofa a rufe. A jikin ƙofar ga sunan likitar da nas ta rubuta mini.

Mai gadi ya ruga ya dawo da ƙaramin tsani, irin wanda ko ɗan koyo ba ya kallo sau biyu. Ya buɗe shi a ƙarƙashin fitilar ya riƙe mini. Na ajiye jaka. Na kama ƙarfen. Na ɗora ƙafa ɗaya. Shi ke nan, Auta. Na tsaya a nan, hannuna ya manne, kunnuwana suka toshe, ina jin mai gadi daga nesa yana cewa, "Hau mana, na riƙe."

Ƙofar ta buɗe, wata mata ta fito da jaka da makullai a hannu, za ta tafi gida. Ba tsohuwa ba ce, ba yarinya ba, takalminta irin na masu yawan tafiya. Ta dubi mai gadi, ta dube ni, ta dubi hannuna. Ta ce, "Malam, bar shi. Babu gaggawa, gobe ma rana ce."

Ina iya cewa na manta testa ta gwada wuta in sauka in gudu. Har ƙaryar ta zo bakina. Sai na sauke ƙafata ƙasa na juyo na ce, "Likita, ni ba gyara ya kawo ni ba. Ni ne na gobe, ƙarfe goma."

Ba ta yi mamaki ba, ba ta kuma yi mini irin kallon da nake tsoro ba. Ta ce, "Madalla. Ka ga ka riga ka san hanya." Mai gadi kuwa ya ninke tsaninsa ya ce, "To wa zai gyara fitilar?"

Ranar Alhamis na sa riga da wando na kullum, Antinki ta yi nasara. Mai gadi ya gaishe ni kamar tsohon abokinsa. Na shiga na zauna. Kujeru biyu ne kamar yadda kika faɗa, har da kwalin tishun. Na fara da tambayar kamfani. Ta ce abin da za su samu daga wurinta shi ne na zo, sai in ni na yarda a ƙara wani abu, ta kuma bayyana mini 'yan lokutan da doka take sa ta yi magana, in ran wani yana cikin haɗari. Sannan ta ce, "Me ya kawo ka?" Na faɗi jimlata. Ta fita duka. Sauran suka biyo, ba a jere ba, wani na gaba ya riga na baya. Na yi shiru mai tsawo a tsakiya, ta bar ni. Ta tambayi wani abu game da ranar jana'iza na ce ba yau ba, ta ce to. Tishun kuma ba zan gaya miki ko na taɓa shi ba.

Ta ce abin da ke damuna yana da suna, ta ga masu shi da yawa, direbobi da ma'aikatan asibiti da masu kashe gobara, kuma ana samun sauƙi. Ba ta yi mini alkawarin ranar da zan koma sama ba. Ta ce za mu bi shi a hankali, ta koya mini yadda zan ja numfashi in gwiwoyin suka fara. Zan koma Alhamis mai zuwa. Da zan fita na ce mata wata rana zan gyara fitilar nan. Ta ce, "Ban ɗauke ka aiki ba, amma ba zan hana ka ba."

Na fito na hau bas, na samu kujera kusa da taga. Na tuna na ga kantin maganin yana wucewa. Abin da na sani bayan nan shi ne kwandasta yana taɓa kafaɗata yana cewa, "Malam, nan ne ƙarshen hanya." Motar babu kowa, direba ma ya sauka yana wanke fuska. Na wuce unguwarmu, na wuce kasuwa, na wuce gada, ina wata tasha da ban taɓa zuwa ba. Rabona da irin wannan barci tun Dogo yana da rai. Ga yunwa kamar na yi noma. Na zauna wurin mai shayi na cinye burodi guda ni kaɗai, sannan na nemi motar komawa.

Na tarar da Antinki a bakin ƙofa da mayafi a kafaɗa, tana shirin fita nemana. Ta ce, "Awa ɗaya aka ce. Me matar nan ta yi maka?"

Na ce, "Barci na yi a mota."

Ta tsaya tana kallona. Sannan ta cire mayafin ta juya ta shiga kicin, ina jin ta tana dariya tana jan hanci.

Ki zo gida hutun nan. Ki gaishe mini da mai ba ku shawara, ki ce mata ɗan'uwan naki ya gode.

Yayanki